Allurar Gwiwar Mannir

Ƙusar da ke bayan ƙofar zaure babu komai a jikinta. Rabi'u ya tsaya yana kallonta, sanda a hannu. A nan ɗansa Mannir yake rataye takalman ƙwallonsa, kuma jiya da magariba suna nan.

"Lami," ya kira matarsa. "Ina yaron nan?"

Ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zani. "Ya tafi Tsafe tun da safe. Koci Garba ya ɗauke shi a mashin. Ya ce kallo kawai zai yi, Malam."

"Mai kallo ne zai tafi da takalman wasa?"

Mako guda ke nan gwiwar Mannir ta dama tana kumbure, tun da aka taɗe shi a wurin atisaye. Mai ɗori ya duba ya ce babu karaya. Amma Rabi'u ya danna ta da yatsa, ya ji ruwa yana motsi a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar, irin motsin da ya daɗe da sani a jikinsa. Yau kuwa wasan ƙarshe na kofin matasa, an kuma baza labari cewa wani mutum zai zo daga Kaduna ya zaɓi 'yan wasa.

"Ko tsayuwa ba ya iya yi sosai," in ji Lami. "Ba za su sa shi ba."

"Za su sa shi. Akwai yadda ake yi."

*

Daga Bunguɗu ya hau mota zuwa Gusau, ya sake wata ta Tsafe. Direba ya bar masa kujerar gaba, don ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. Saboda halin da hanya take ciki, an dawo da wasan bayan azahar, kowa ya koma gida da sauran rana.

A zamaninsa Rabi'u ɗan gaba ne a wata ƙungiya ta Gusau, ana ce masa Guguwa. Har yau a majalisa ana ba da labarin wasan ƙarshen da ya buga da kumburarriyar gwiwa: aka kira mai kemis ya soka masa allurar kashe ciwo a ɗakin canja kaya, ya fita ya zura biyu a raga. Shi ma ya sha ba da labarin, Mannir yana ƙarami, a zaune a cinyarsa. Labarin yakan tsaya a wurin ɗaga kofi. Ba wanda yake kai shi ga makonnin da suka biyo baya, kowane wasa da allurarsa, har likita ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye. Bai kai talatin ba ya ajiye ƙwallo. Tun daga lokacin a kan kujera yake salla.

Ya riƙa duban hanya yana roƙon Allah ya sa ya riga mai kemis isa.

*

A filin wata makarantar firamare ake wasan. Yana sauka wani tsoho ya gane shi.

"Guguwa ne. Wallahi Guguwa ne da kansa."

Nan take aka yanyame shi. Masu miƙa hannu, masu ɗaukar hoto, mai lasifika yana sanar da zuwan babban baƙo. Aka ja shi zuwa rumfar manya, aka zaunar da shi, aka miƙo lemo. Yana ta tambayar ina Garba, ana amsa masa da yabon ƙwallayen da ya ci. Da ƙyar ya zame, ya ɗingisa zuwa bayan azuzuwa inda 'yan wasa suke shiri.

Wani mutum mai baƙar leda yana mayar da murfin sirinji. Mannir yana tsalle a wuri ɗaya, yana dariya.

"Baba, dubi. Ba na jin komai."

"Na sani," in ji Rabi'u.

Garba ya matso ya rusuna. "Maigida, barka da zuwa. Ɗan gado ne. Ni ban matsa masa ba, labarinka kawai na tuna masa."

"Garba, tun da ka san ni, ka taɓa ganin goshina a ƙasa a masallaci?"

"Haba maigida, wannan ai girma ne ya zo."

Rabi'u ya juya ga ɗansa. "Cire takalmin nan. Ciwon yana nan, kai ne ba ka jin sa. Duk gudun da za ka yi, gwiwar ƙara yagewa take."

"Baba, wasa ɗaya ne fa. Kai ma ai ɗaya ka yi, ga shi har yau ana kiran sunanka."

"Wa ya ce maka ɗaya ne?"

Alƙalin wasa ya hura usur. Mannir ya sunkuyar da kai, ya raɓa ta gefen mahaifinsa, ya ruga.

Rabi'u bai kalli ƙwallo ba ko sau ɗaya. Gwiwar yake kallo. Duk lokacin da Mannir ya yi juyi, sai ta karkata ciki, yaron kuma ya ci gaba da gudu kamar ba tasa ba ce. Ana dab da tashi Mannir ya zura ƙwallo. Fili ya kaure da kiran Ƙaramin Guguwa, mutane suna dafa kafaɗar Rabi'u suna yi masa murna.

Bayan an tashi ya tambayi Garba wane ne mutumin Kaduna a cikin rumfa.

"Bai iso ba. Ya bugo waya daga Funtuwa, ya ce an gaya masa hanya ba kyau, ya juya. Amma ya ce mu kai masa yaran mako mai zuwa ya gwada su." Garba ya yi murmushi. "Kada ka damu, maigida. Za mu sake shirya shi."

*

A motar komawa suka matsu a kujerar gaba su biyu. Mannir yana ta zuba, yadda ya yanke mai tsaron baya, yadda gola ya faɗi gefen da ba nan ba. Rabi'u ya ɗora tafinsa a kan gwiwar yaron. Zafi gare ta kamar dutsen da ya yini a rana, ta kuma cika wandon.

Wajen Kwatarkwashi surutun ya fara raguwa. Mannir ya cije leɓe, zufa ta tsattsafo masa a goshi. Motar ta faɗa rami, ya runtse ido, ya damƙe gefen kujera.

Sun yi nisa kafin ya yi magana, a hankali, don kada direba ya ji.

"Baba, idan aka yi allurar guda biyu, ta fi daɗewa?"

Rabi'u bai ɗauke hannunsa ba. A ƙarƙashin tafinsa gwiwar tana bugawa.