Rabin Gemun Darakta

Na gama rabin gemun Darakta ke nan, kumfa na kan ɗaya kuncin, sai ɗansa ya yi sallama a bakin ƙofa.

Ni mai aski ne, katanga ce kawai tsakanin shagona da gidansu. Tun da ciwo ya kwantar da tsohon nake zuwa in yi masa gyaran fuska a kan gado. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana shirya fim, kuma wallahi ko labarin kasuwa kake ba shi sai ya tsayar da kai: wa ke ciki, me yake so, me ya tare shi? In ka fara kwana-kwana ya ce ka yanke.

Halin nan ne ya raba shi da ɗan. Yaron ya rubuta labarin fim ɗinsa na farko, uban ya karanta a gaban ma'aikata, ya ce mutanen ciki surutu kawai suke zubawa, babu mai yin komai. Ɗan ya kwashe kayansa. Shekaru suka shuɗe, ko waya babu. Uwar kullum kukanta kada mutuwa ta riga su shiryawa.

Da ɗan ya shigo ranar, ya tsaya a ƙarshen gado ya fara ba da haƙuri. Da ji ka san a mota ya haddace: ƙuruciya ce, zafin rai ne, ya yi nadama. Tsohon na saurare, numfashi na fita da ƙyar. Can ya ɗaga yatsa.

"Ya yi tsawo," in ji shi. "Kar ka gaya mini. Nuna mini."

Na ce a raina, kai wannan tsoho, har yau? Na zata yaron zai juya. Sai ya dubi uban, ya naɗe hannun riga ya miƙo mini tafinsa.

"Kawu, ba ni askar."

Na ba shi. Darakta, wanda ni kaina sai ya kafa mini ido in na zo wuya, ya ɗaga haɓa ya miƙa masa maƙogwaro, ya lumshe ido. Tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba.

Ban san lokacin da rai ya fita ba. Na dai lura ƙirjin ya tsaya, uwar da ke gefe ta toshe baki da mayafi. Ɗan ya ci gaba a hankali har ya gama, ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ya goge sauran kumfar da ke bayan kunnen babansa.