Kwaɗo Uku a Kwamfutar Yaya Zinatu

Ina da wata 'yar matsala da ban cika faɗa ba: ba na jure a tambayi wani abin da na sani alhali ina zaune a wurin. Ko hanyar tasha baƙo ya tambayi na kusa da ni, sai in ƙagu ya gama ba da amsa, sannan in ƙara da cewa akwai wata hanyar da ta fi kusa. Yawanci babu.

Sunana Dalhatu. Ina da shagon buga takardu da fotokopi a unguwar Titirou ta garin Parakou, shekara goma sha shida ke nan. A danginmu kowa kasuwa ya bi, ni kaɗai na kauce, don haka in ana maganar hatsi ko atamfa ba wanda ke waiwayata. Amma in wani abu mai allo ya ƙi kunnuwa, sai a ce a kira Dalhatu. In ka cire tuwo, da wannan kiran nake rayuwa.

Yayata Hajiya Zinatu tana sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè, a shagon da mahaifinmu ya bari. Har yau ƙofar shagon kwaɗo uku ake sa mata, sama da tsakiya da ƙasa, kamar yadda Baba ke yi. Dalilinsa shi ne kafin ɓarawo ya gama da na uku, wani ya fito fitsari ya gan shi. A haka muka tashi. Ko akwatin tufafi ba ma yarda da kwaɗo ɗaya.

Bara Yaya ta sayi kwamfutar hannu daga Cotonou, wai don ta riƙa nuna wa masu sari samfurin atamfa a babban allo. Ta hau zem, wato babur ɗin haya, ta kawo mini har shago.

"Ka sa mata abin nan na hana cuta," in ji ta. "Na kyauta. Kuma kar ta yi nauyi, ka san ba ni da haƙurin jira."

"Antibirus ake ce masa, Yaya."

"Ko me ake ce masa."

Na wuni ina zaɓe. Na kyauta guda uku na sani, kuma kowanne na ba shi suna tuntuni. Akwai Mai Surutu, wanda in ya ga abu sai wata mata ta yi magana da Faransanci da ƙarfi. Akwai Mai Talla, kullum yana roƙo a sayi babban wansa. Akwai kuma Ɗan Sanda, wanda ke tsare kowane fayil ya caje shi kafin ya wuce. Na rasa wanda zan bari, sai na tuna ba dole ne in bar kowa ba. Na sa mata duka ukun, kamar yadda na yi wa kwamfutocin shagona. Lallai nawa suna jinkirin tashi da safe, amma na ɗauka shekaru ne, ni ma haka nake.

Bayan kwana huɗu ta kira ni.

"Dalhatu, me ka ɗura wa abin nan? Na kunna ta gaban wata mai sari daga Kandi, har matar ta sha ruwa, ta yi salla, ta tafi, ba ta gama buɗewa ba."

Na ce mata tsaro haka yake, ba ya son gaggawa.

"To, na ba direba ya kai wa mijin Munira. An ce ya iya."

An ce ya iya. Na kashe wayar na zauna ina kallon injin fotokopi, shi ma yana kallona.

Munira 'yar Yaya ce ta fari. Mijinta Abdoul Karim mutumin Nijar ne, yana aiki a ofishin wani kamfanin manyan motoci a Djougou, yana tsara wace mota za ta ɗauki wane kaya. Ba ni da abin zarginsa, wannan ne ma babban laifinsa. In ya gaishe ni sai ya tsuguna. Bai taɓa cewa ya san kwamfuta ba, wasu ne ke faɗa masa. Tun da aka yi auren nan nake jin "mijin Munira ya ce" yana ƙaruwa a bakin Yaya: ya ce kar a bar waya a caji har safe, ya ce kar a danna saƙon da ke cewa an ci kyauta. Duk na faɗa mata waɗannan tun kafin ya fara gemu.

A makon nan Munira ta haihu, aka sa ranar suna. Yaya ta ce can za ta karɓo kwamfutarta. Na gane cewa in ta karɓe ta tana gudu a gaban dangi, shi ke nan, ba za a sake cewa a kira Dalhatu ba. Za a riƙa ba direba.

A aljihun teburina akwai wani kile, ɗan abin nan da ake ɗura fayiloli a soka a jikin kwamfuta. Na wani malamin makaranta ne daga Bariénou. Ya zo da shi a buga masa jarrabawa, sai muka tarar cuta ta ɓatar da duk abin da ke ciki, ba sauran komai sai alamomin fayil na ƙarya. Na gaya masa takardunsa sun tafi, ya yi haƙuri. Ya bar mini kilen cikin fushi. Ranar da za mu Djougou na jefa shi a aljihun babbar rigata tare da goro. Ban ce wa kaina komai ba. Mutum mai shekara hamsin da biyu ya iya yin abu ba tare da ya gaya wa kansa ba.

An raɗa wa jaririya suna Ramlatou da safe, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Bayan azahar maza muka zauna a tabarma ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gida, wani abokin Abdoul Karim yana haɗa shayi a kan gawayi. Yaya ta fito bakin zaure ta tsaya, don ba za ta zauna cikin maza ba, suruki kuma ba zai shiga ya tsaya gabanta yana bayani ba. Abdoul Karim ya kawo kwamfutar ya ajiye a tabarma, ya tsuguna gefe, ya danna.

Mai shayi bai gama juye kofi ɗaya cikin ɗaya ba, allon ya buɗe, atamfofi suka jeru.

"Kun gani ko," in ji Yaya daga bakin zaure. Ba ni ta kalla ba, amma ni ta kalla.

Na gyara zama. "Malam Abdoul Karim, wanne ka sa mata?"

"Ban sa komai ba, Kawu. Cirewa na yi."

"Guda nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ukun."

"Wato ka bar wa Hajiya shago a buɗe."

"A'a, Kawu, akwai wanda ta zo da shi tun daga kamfani. Shi ma kyauta ne. Na yi masa mizajur, wato na sabunta shi, na bar shi ya yi aikinsa. Ga irin aikin Hajiya ya isa."

Na juya wajen dattawa na ba su labarin kwaɗon Baba guda uku. Suka gyaɗa kai, don duk 'yan kasuwa ne, kowa ya san darajar kwaɗo. Na ji ƙasa ta fara dawowa ƙarƙashin ƙafata.

Abdoul Karim ya jira na gama sarai. "Gaskiya ne, Kawu. Sai dai ni a ganina waɗannan ba kwaɗo ba ne, masu gadi ne. In ka sa masu gadi uku a sito ɗaya kuma ba su san juna ba, kowa zai kama ɗan'uwansa yana caje shi. Mai kaya ya zo da safe, ba wanda ya sami sararin buɗe masa ƙofa."

Dattawan suka sake gyaɗa kai, har fiye da ɗazu. Ɗaya ma ya yi dariya ya ce an taɓa yin haka a tashar Malanville. Dattijo ba shi da amana in misali ya yi daɗi.

Sai na sa hannu a aljihu. "Af, ga wasu hotuna ma da na zo wa Yaya da su. Bari mu gani a allon nan mai gudu."

Na soka kilen da hannuna. Na san abin da ya kamata ya faru: atamfofin Yaya su ɓace ɗaya bayan ɗaya, a yi salati, sannan in ce a miƙo mini ita. Har na tanadi fuskar da zan yi, ta wanda ba ya son ya ce ai na faɗa.

Wani ɗan rubutu ya leƙo a kusurwar allo, ba ƙara, ba mata mai Faransanci, ya koma. Atamfofin suna nan. Na jira. Suna nan dai.

"Ya kama wani abu," in ji Abdoul Karim. Ya matso, ya danna nan da can. "Cutar nan ba ta share fayil, Kawu, ɓoyewa take yi. Ga su nan sun dawo. Amma ban ga hotuna ba. Jarrabawar lissafi ce ta 'yan aji shida, makarantar Bariénou."

Ya zare kilen zai miƙo mini, sai ya tsaya yana kallonsa. A jikinsa akwai farin salatif da na manna wata uku da suka wuce, na rubuta da jan biro, da rubutuna da duk dangi suka sani daga katunan biki: MAI CUTA, KAR A SOKA.

Na ga ya karanta. Ya ga na ga ya karanta. Mai shayi ya miƙo mini kofi na karɓa, don hannuna na bukatar abin yi.

"Me ya faru?" in ji Yaya.

Abdoul Karim ya rufe kilen cikin tafinsa, ya juya wajen zaure ba tare da ya ɗaga ido ba. "Kawu ne ya gwada aikin, Hajiya. Da gangan ya zo da cuta mai ƙarfi daga Parakou don ya tabbatar kafin a ba ki. Haka masu sana'ar ke yi. Ta ci jarrabawa."

"Dalhatu ke nan," in ji Yaya. "Tun yana yaro ba ya yarda da abu sai ya taɓa."

"Kuma da za ki bar ta a hannunsa," ya ci gaba. "Djougou da nisa. Shi yana kusa, kuma ya fi ni daɗewa a harkar."

Da ya tona ni, da na sami abin riƙewa. Da na yi shekara goma ina cewa yaron nan ba shi da kunya, kuma da na ji daɗin faɗa. Sai ya mayar mini da matsayina a gaban kowa, kamar yadda ake mayar wa tsoho hularsa in iska ta ɗauke, har da kaɗe ƙura. Ya zura mini kilen a hannu lokacin da muke sallama, ya ce a gaida malamin Bariénou.

A taksi muna komowa, Yaya ta ɗora mini kwamfutar a cinya tun daga Djougou har Parakou. Ta yi ta yabon surukinta, hankalinsa, ladabinsa, yadda ya san girman manya. Na ce ai ba laifi, sai dai shayinsu ya cika sukari.

Washegari na rufe ƙofar shago rabi, na cire Mai Surutu da Mai Talla da Ɗan Sanda daga kwamfutocina biyu. Suka tashi kamar an yi musu wankan jego. Masu kawo aiki suka fara tambaya ko sababbi na saya. Na ce musu a'a, wata dabara ce na gano: antibirus mai gadi ne, ba kwaɗo ba, ɗaya ya isa in ana sabunta shi. Har yanzu ina ba da wannan misalin, kuma ana yaba mini. Na aika wa malamin Bariénou jarrabawarsa, ya kira ya ce ya san dama in akwai mai iyawa ni ne, ko da yake yaran sun riga sun wuce aji.

Ita kuwa Yaya, tun daga ranar ba ta ƙara kirana kan kwamfutar ba. Na lura kuma ba ta ba direba ba, don na tambayi direban. Na ɗauki wannan a matsayin shaida: abu yana hannun gwani, shi ya sa ba ƙorafi. In na bi ta Arzèkè nakan leƙa in ce, "Tana lafiya dai?" ta ce, "Lafiya lau," in fita ina gyara hula.

Jiya Munira ta zo ganin gida da Ramlatou a baya, ta biyo ta shagona ta ajiye mini wata leda, ta ce in miƙa wa innarta in na je kasuwa, sun gani a bayan kujera suna shara. Cajar kwamfutar Yaya ce. Wata biyar ke nan tana Djougou.