Kifin da Bai Ci Sunana Ba

Ranar da autata ta ce kifi za ta karanta a jami'a, na ce mu da muke cinsa ba karatu, me ya same mu? Amma ka haifi ɗa, ba ka haifi halinsa ba. Ta yi karatunta har ta zama dakta, ta sami aiki a ɗakin bincike.

Can ta kai ni wata rana, ta nuna mini wani kifi kwance a tiren ƙarfe. Faɗinsa kamar faifai, idanu a sama, baki a ƙasa, ga doguwar jela mai ƙaya. Ta ce ba ƙashi a jikinsa, guringuntsi ne zalla, wai su da kifin shak dangi ne. Sai ta nuna mini wasu fararen zobba a gadon bayansa. Cikin danginsa da aka sani babu mai su, don haka tana kyautata zaton sabon iri ne. Wanda ya gano kuwa shi ke raɗa suna, kuma nawa za ta sa masa.

Ni bakina ba ya riƙe abin daɗi. Kafin ka ce kwabo, duk tashar da na yi tuƙi ta ji. Tsofaffin direbobi suka koma kirana Uban Kifi, ina amsawa har da gyara hula.

Ranar gabatar da binciken na kwaso su, muka cika layin gaba. Ta haska hotuna a bango: ƙarami da zobbansa raɗau, matsakaici sun fara dushewa, babba ko ɗaya babu. Ashe cikin makon nan masunta suka kawo mata manyan.

"Ba sabon iri ba ne," in ji ta. "Jaririn wanda aka sani ne. Zobban na ƙuruciya ne, girma ke share su."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Sai shugaban sashensu ya faɗa wa taron cewa manyan nan ita kaɗai ta gan su. Da ta yi gum, da yanzu an buga sunan.

A waje ta durƙusa, ta kasa haɗa ido da ni.

"Baba, na hana ka kifinka."

Alfahari ya cika ni. Na ɗago ta, na juya ta wajen abokaina.

"Ku dube ta da kyau," na ce. "Wannan da sunana take amsawa."