Albasa a Kunun Murna

"Ɗanɗana! Na ce ka ɗanɗana!"

Murna ta dangwara kofin a kan benci, kunu ya fantsamo wa Jamil a riga. Ya kurɓa. Zaƙi ya fara ji, sai albasa ta biyo baya ta tsaya masa a maƙogwaro.

"Kula biyu na zubar, Jamil. Direbobin tasha sun mai da ni abin dariya, wai miya na kawo musu a kofi. Shekara goma sha ɗaya ina markaɗe a rumfar nan, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Gobe injin unguwar Barade zan kai gerona."

Ta juya. Mata biyu da ke layi suka kalli juna, suka ɗauki robobinsu suka bi bayanta.

Kwana uku ke nan Jamil na riƙe da injin markaɗen Baba Tobias. Shi maƙwabci ne kawai, katanga ɗaya ta raba su a unguwar Sintali. Ya yi acaba, ya yi faci, ya sayar da katin waya, babu sana'ar da ya shekara a cikinta. Da aka dawo da tsohon daga asibiti ƙafafu a kumbure, matarsa Mama Rachael ta roƙi Jamil ya riƙa tada musu injin. Da kuɗin injin suke ci, da shi suke sayen magani. In matan unguwa suka watse, tukunyar gidan ta kife.

Ya kashe injin ya shiga ciki. Ɗakin Baba Tobias na jingine da rumfar, tagarsa a buɗe.

"Ga mai shayar da tasha miya," tsohon ya ce, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Baba, ashe ka ji?"

"Tun jiya na ji. Na kira ka, muryar ba ta kai ba. Kukan injin a kan tattasai daban ne, a kan gero daban. Ka zuba geron Murna bayan kayan miyan Beatrice, kuma ban ji ruwa a tsakani ba."

"Ai Beatrice ce ta riga zuwa. Layi na bi."

"Layi na banki ne, ɗana. A nan gero ke fara shiga, sai wake, mai yaji a ƙarshe. Ko matar kwamishina ce ta kawo attarugu, ta zauna a benci. Kuma bokitin ruwa guda tsakanin kowa da kowa."

"Baba, mai ruwa fa ya ƙara kuɗi."

"Murna ta fi shi tsada." Ya numfasa. "Je ka gidanta da ƙafarka. Kada ka ce injin ne. Injin nan bai taɓa yi wa kowa laifi ba."

Da la'asar Jamil ya sayi gero mudu huɗu ya kai mata. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Anti Murna, ni ne. Ban wanke ba." Ta karɓi geron ba ta dube shi ba.

Daga ranar suka samu hanyar magana, shi da tsohon. Duk sanda Jamil ya kwara ruwa cikin injin, sai ya ji sandar tsohon ta bugi ƙarfen taga sau biyu. In ya yi gaggawa ya zuba rabin bokiti, bugu ɗaya ne, mai ƙarfi. Matan layi har suka fara tsokanarsa: "Oga ya ce ka ƙara!"

Laraba Murna ba ta zo ba. Alhamis ma haka.

Ranar Juma'a da sassafe ya tarar da ita zaune a benci, bokitin jiƙaƙƙen gero tsakanin ƙafafunta.

"Na Barade ɗin nan da ƙarfe yake haɗa wa mutum," ta ce, tana kallon gefe. "Wanke in gani."

Ya wanke sau biyu a gabanta. Geron ya sauka fari, mai laushi. Ta lakata da yatsa ta kai baki, ta ɗaga murya wajen taga: "Baba, ɗalibinka ya fara hankali!"

Sanda ta amsa sau uku, a hankali.

Jamil ya markaɗa waken mai ƙosai. Ya kwara ruwa, ya saurara. Shiru. Ya ƙara bokiti guda, ya sake saurarawa. Sai labulen ƙofa ya motsa, Mama Rachael ta fito, hannayenta biyu a kan kai. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

An binne Baba Tobias ranar Talata. 'Yan coci da mutanen masallaci suka cika layin har bakin titi. Murna ta kawo kunu kula uku, ta hana kowa biya.

Washegari Mama Rachael ta rataye sandar a jikin ginshiƙin rumfar. Robobi sun riga sun jeru a ƙasa, matan da kansu suka tsara su: gero a gaba, attarugu can baya. Jamil ya gama na farko, ya ɗaga bokiti ya zuba duka. Ya tsaya yana kallon ruwan yana fita fari kamar madara, har ya koma garau ya gangara kwata.