Injin Meshak da Farar Ƙasar Mata

Shekara goma sha ɗaya Scholastica tana jagorantar zumuntar mata wurin shafe ƙaramin cocin unguwarsu a Kafanchan. Kirsimeti na matsowa za su sauka bakin rafi su haƙo farar ƙasa, su jiƙa, su tace, su shafa da hannu.

A shekarar 1976 ma sun haƙo, sun cika duro biyu. Sai ga Meshak, ɗan katakis Andrawus mai kula da cocin, ya dawo daga Kaduna da injin feshi mai shan fetur. Ba wanda ya ce wa matan uffan. Scholastica ta zo da safe ta tarar an janye durorin, Meshak na kwarara ƙasar cikin inji yadda take, har da tsakuwa.

"Ɗana, sai an tace," in ji ta.

"Mama, wannan ba tsintsiya ba ne. Ki matsa kawai."

Ta matsa. Inji ya yi ruri, ya yi tari, ya toshe. Meshak ya bubbuga bakinsa da dutse, sai ƙasar ta ɓalle gaba ɗaya, ta wanke tagogi da bencuna, har da rigar katakis.

Andrawus ya share fuska ya ce, "Bana matan nan ƙasar banza suka kawo."

Nan fa Scholastica ta kasa haɗiyewa.

"Ƙasar banza? Baba Katakis, Lucy da cikin wata bakwai ta hau tudun nan da kwano a ka, sau tara! Kun ɗauke ba sallama, kun ɓata, yanzu kuma laifinmu ne?"

Ta kwance ɗankwalinta, ta shimfiɗa a bakin bokiti, ta tace ƙasar har ta yi laushi kamar kunu. Ta sa Meshak ya wanke injin, ta zuba da hannunta. Feshi ya fita sumul. Kafin azahar bango huɗu sun yi fari fat.

Ranar Lahadi Andrawus ya tashi sanarwa. Ya gode wa Allah, ya gode wa Meshak, ya yabi ci gaban zamani, ya zauna.

Da aka kira zumuntar mata su yi waƙa, Scholastica ta naɗe hannu. Mata talatin suka naɗe nasu. Aka sake kira, shiru. Haka aka karɓi kuɗin baiko ba ganga ba kacau-kacau, sai ƙarar takalma.

Washegari Andrawus ya zo gidanta, hula a hannu. Ta bar shi tsaye har ta gama shanya cittarta.

"Mama, a yi haƙuri. Bakina ne ya zame."

"A gaban jama'a ya zame, Baba. Can za ka je ka tsince shi."

Lahadin da ta biyo baya ya tashi a coci ya gode wa matan, ya karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana gumi. Ya tsallake Lucy, Scholastica ta yi gyaran murya daga benci na biyu, ya koma ya faɗi sunan Lucy.