Kwaɗon da Aka Sayar Sau Uku

Ranar Litinin da safe ƙaramar lauya ta shigo ofis da takarda a hannu, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce wa sakatariya, "Anti, an sa rana. Alhamis, ƙarfe tara. Buɗe min bidiyon nan in shigar da shi kotu."

Shekara huɗu sakatariya tana jiran wannan magana. Ƙanenta, autan gidansu, direban babbar mota, yana gidan yari. An ce shi ya take mutum a hanya ya gudu. Sai da aka yanke masa hukunci sannan tsohon lauyan da take wa aiki ya samo bidiyo daga wani gidan mai, ga Auta nan yana shan mai a wani gari can daban, daidai lokacin da aka yi haɗarin. Gidan man tuni an rushe shi an jera shaguna. Bidiyon ɗaya tak ya rage a duniya. Tsohon lauya kuwa mutum ne da ko inuwarsa bai yarda da ita ba, sai ya kulle shi da wata manhaja, irin kwaɗon nan na cikin kwamfuta da ido ba ya gani. Ya saye ta tun da daɗewa, cikin shuɗin kwali mai hoton giwa. Ya raɗa wa sakatariya kalmar sirrin a kunne, ya ce kada ta kuskura ta buɗe sai ranar ɗaukaka ƙara. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ƙaramar lauya ta gaji ofis da ƙurarsa.

Sakatariya ta gyara zama. Kalmar nan da ita take kwana, da ita take tashi. Ta buga. Kwamfuta ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce ba ta san wannan irin kulli ba. Ta sake bugawa a hankali, da yatsa ɗaya. Haka dai. A na biyar ta aika aka kira mai gyara.

Mai gyara mutum ne mai tumbi da tabarau ɗaure da zare. Ya leƙa nan, ya danna can, ya ja tsaki.

"Anti, makullinki lafiyarsa ƙalau. Kwaɗon aka canza."

"Wa ya canza? Ni kaɗai ke taɓa ta."

"Masu giwar sun sayar da kamfanin. Wanda ya saya ya gaji, ya sayar wa wasu. Su kuma wani babba ya haɗiye su, ya yanyanka su, kowa ya ɗauki yankin da ya yi masa. Duk sanda aka sayar, sabon mai shi zai aiko da saƙo, wai ga sabon gyara, kin yarda? Ke kuma ki danna."

Ta danna kuwa. Ita mace ce mai tsafta, ba ta iya ganin saƙo zaune a fuskar kwamfuta kamar kwanon da ba a wanke ba. Sau uku ana sayar da ƙofar ɗakinta, sau uku tana cewa ta yarda.

Ƙaramar lauya ta ce, "Anti, sau biyu alƙali ya ɗage mana saboda ciwon Yallaɓai. Ya rantse ba na uku. In ba bidiyo ranar Alhamis, ya kori ƙarar."

Korar ƙara kuwa shekara goma sha ɗaya ce a kan Auta.

Ranar Talata sakatariya ta wuni da waya manne a kunne. Kamfanin farko da ta kira suka sa mata kiɗa har ta haddace shi, sannan wata murya mai zaƙi ta ce su suna kawai suka saya. Na biyu suka ce su masu amfani da kayan suka saya, ba kayan ba. Ta ce, "Wato ni kuka saya?" Aka ce mata ana godiya da kiranta. Na uku, wani mai ladabi kamar ya zo neman aure, ya ce e, tsohon kullin yana wurinsu, suna da abin buɗe shi a ajiye. Sai dai wanda sunansa ke kan takardar saye ya faɗa da bakinsa cewa shi ne.

"Ba ya magana, ɗana. Ciwo ya kama masa baki."

"To sai a aiko da takardar likita da ta kotu. Mako shida mun duba."

"Jibi nake so."

"Na fahimci damuwarki sosai," in ji shi. Da ka ji yadda ya faɗe ta sumul, ka san yau sau ɗari ya faɗa.

Ba ta kashe wayar ba. Ta tari mota har gidan tsohon lauya, mai ladabi na rataye a layi. Ta sami tsohon a kujera bakin taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ta durƙusa ta kara masa wayar a baki.

"Yallaɓai, don Allah sunanka kawai. Sunanka za ka faɗa."

Mutumin da ya shekara arba'in yana hana alƙalai shan ruwa da surutu ya buɗe baki. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Iska ta fito, sai yawu. Matarsa ta goge masa da gefen mayafi.

"A yi haƙuri, ban ji ba," in ji waya. "A sake."

Ya sake. Ya sake. A na huɗu hawaye ya gangaro masa ta idon da ke aiki, sakatariya ta kashe wayar da kanta. Ta zauna daɓas a ƙasa. Jiya-jiyan nan da ta je ganin Auta, ya kama ragar ƙarfen tagar da yatsu kamar tsinke, yana tari, ya ce, "Yaya, an sa ranar, ko? Na gaya wa 'yan ɗakinmu su raba bargona." Ita kuma ta ce masa ya raba.

Sai ta ji ana zungurinta. Tsohon ne, da sandarsa, da hannun da ya rage masa. Ya nuna ta, ya nuna ƙarƙashin teburin da ke gabansa, ya harare ta. Ya sake nunawa, ya buga sandar a ƙasa.

"Rabu da shi," in ji matarsa. "Ko bakinsa na nan faɗan da zai yi miki ke nan. Tun da kika fitar masa da tsohuwar akwalarsa daga ƙarƙashin tebur bai yafe miki ba. Mutumin da ko tsinken sakace ba ya yarwa."

Sakatariya ta miƙe ba ta san ta miƙe ba. Tsohuwar kwamfutar! Shekara uku da suka wuce ta yi ta mita a kanta, wai tana ƙara, tana tara ƙura, tana kunyata ofis a gaban baƙi. Da Yallaɓai ya yi tafiya sai ta kwashe takardun ta zuba a sabuwa, ta sauke tsohuwar ta bai wa telan da ke ƙasan beninsu. A cikinta giwar take, ta asali.

Laraba tun kafin tela ya gama buɗe shago tana tsaye a ƙofarsa, mai gyara na bayanta yana haki.

"Malam tela, abin da na ba ka, yana nan?"

"Wanne? Ciwon kai ko akwati?"

"Akwatin."

Ya ɗage ƙyallen da ke ƙasan teburin yanka. Ga ta nan kwance, ta yi baƙi a wurin da yake ɗora ƙafa. "Ban taɓa kunna ta ba," in ji shi. "Amma ga maganin ciwon gwiwa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu na kore su."

Su uku suka hau da ita sama kamar masu ɗaukar mara lafiya. Mai gyara ya kwance murfin, ya karɓi allura wurin tela ya yi ta tsamo zare da ƙura daga fankarta. Ya jona mata fuska, ya jona mata wuta. Sakatariya na tsaye ba abin yi, hannuwanta na neman aiki. Ta ga wata waya shuɗiya yashe a ƙasa, bakinta a sake. Ita fa ba ta iya ganin abu a yashe. Ta sunkuya ta ɗauka, ta laluba bayan kwamfutar, ta sami ramin da ya dace da ita.

"Anti!"

Mai gyara ya damƙe mata wuyan hannu har sai da ta ce wash.

"Wayar intanet ce wannan! Ita wannan baiwar Allah ba ta ji an yi rasuwa ba. A saninta masu giwa na nan da ransu. Kina jona ta za ta tambayi gida, a gaya mata an sayar, ta canza kamar 'yar'uwarta. Shi ke nan mun gama."

Sakatariya ta saki wayar kamar ta kama maciji. Ta koma ta zauna a kan hannuwanta.

Aka kunna. Tsohuwa ta yi tari, ta yi gurnani, fuskarta ta kawo haske. Kwanan watan da ta nuna, ko ƙaramar lauya ba ta shiga makarantar lauyoyi ba a lokacin. Giwa ta fito. Kafin a ce komai, ɗif, ta mutu.

"Zafi," in ji mai gyara. "Fankar ta gaji."

Suka jira ta huce. Suka sake, ta sake mutuwa. Tela ya sauka ya dawo da kwalin da yake yanka wuyan riga da shi, ya durƙusa ya shiga yi mata fifita. "Ko uwata ban yi wa haka ba," in ji shi. Ba wanda ya yi dariya.

A na uku giwa ta tsaya. Mai gyara ya soka filashin da ya ɗauko kullallen bidiyon a ciki. Kwamfuta ta tambayi kalmar sirri, a natse, kamar jiya aka rabu. Sakatariya ta zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashinta ta buga da yatsa ɗaya.

Ga gidan mai. Ga babbar mota. Ga kwanan wata da lokaci a kusurwa. Ga Auta ya diro yana sosa ƙeya, da ƙibarsa, da kumatunsa, yana tsokanar mai zuba mai. Ta manta yana da kumatu.

"Kwafe," ta ce. "Kwafe shi ba kulli. Sau goma."

"Fifita, malam tela, fifita!" in ji mai gyara. Layin kwafewa na tafiya kamar tsohuwa a kan tsani, tela na zufa yana sauya hannu. Layin na kaiwa ƙarshe, kwamfutar ta yi ɗan ƙauri ta mutu, ba ta sake tashi ba.

Ranar Alhamis alƙali ya kalli bidiyon sau biyu, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Auta kuwa daga inda aka tsayar da shi yana ta leƙen ƙaton da ke cikin hoton kamar bai san shi ba. Kafin la'asar aka ce ya tafi gida.

Da sakatariya ta dawo ofis, tela na bakin ƙofa yana dafe da gwiwa.

"To, Anti, matashin ƙafata fa?"

Ta dubi tsohuwar, wadda ta riga ta goge ta lulluɓe da mayafinta a ƙarƙashin teburin Yallaɓai.

"Shiga ka ɗauki sabuwar," ta ce. "Ita ta fi dacewa da ƙafa."