Gahawar Da Ta Huce A Gaban Minista

Kwana uku kafin rediyo ya faɗa, Abu Sayil ya riga kowa sanin wanda ƙasarsu za ta mara wa baya a shugabancin ƙungiyar ƙasashen yankin. Bai taɓa shiga aji ba, amma ministoci tara ya zuba wa gahawa a ofis ɗaya a Amman, babban birnin ƙasar, duk sun tafi sun bar shi da butarsa.

Ran nan Dakta Muhannad, mai neman kujerar, ya zo wurin ministan yanzu daga wata ƙasa maƙwabciya. Ya karɓi kofi ya ajiye bai kurɓa ba. Abu Sayil ya kasa kunne, don a al'adarsu baƙo ba ya haka sai da roƙo a bakinsa, kuma ba zai sha ba sai an amsa masa. To, me minista zai ce?

Minista ya shiga zancen ruwan sama da zaitun. Gahawa ta huce.

"Ranka ya daɗe, ana ɓata mini suna," in ji Abu Sayil. "Za a ce gahawata ba ta shawuwa."

Minista ya yi dariya. "Tsoho, kai ma kamfe kake yi masa?" Sai ya juya. "Sha gahawarka, Dakta. Ƙuri'armu taka ce."

Dakta ya shanye ta da sanyinta, har da yamutsa fuska.

"Mai musu ya je ya tambayi Dakta," in ji Abu Sayil da yake ba abokansa labarin a daren. "In ya ce da zafi ya sha, ku aske mini gashin baki."